Asalin Wasan Kwaikwayon Girkawa da Rumawa

A arewa maso gabas da birnin Atina, a bayan dutsen Fentelikon inda Girkawa ke fasa farin dutsen gini, akwai wani ƙauye da a da ake kira Ikariya. Ƙauyen manoman inabi ne, ba wani gari na a zo a gani ba, amma duk wanda ya bi salsalar wasan kwaikwayon da Turawa ke yi a kan dandali, can za ta kai shi. Mutanen ƙasar a wancan zamani masu bautar gumaka ne, kuma cikin abubuwan bautarsu akwai wanda suke kira Diyonisus, wanda suka jingina wa inabi da giya da shagali.

Tsofaffinsu sun ce wata rana Diyonisus ya biyo ta ƙauyen a matsayin baƙo. Wani manomi mai suna Ikariyos ya sauke shi, ya yi masa karamci. Da baƙon zai tafi sai ya saka masa da dashen inabi, ya kuma koya masa yadda ake matse 'ya'yan a yi giya. Ikariyos ya dasa, ya yi ta wahalar reno har kuranga ta kama ƙasa ta fara toho. Ana nan sai wani bunsuru ya tsallako ya cinye ɗanyen ganyen tas. Ran manomi ya ɓaci. Ya kama bunsuru ya yanka, ya feɗe, ya ɗinke fatar ya yi salka, ya hura mata iska ya jefa tsakar fili, ya kira abokansa suka yi ta rawa suna kewaya ta. Wannan, in ji su, ita ce uwar duk raye-rayen da aka yi wa Diyonisus daga baya. A bukukuwan karkara kuwa har mai ake shafa wa salkar, samari su riƙa tsalle a kanta, wanda santsi ya kwashe ya sha ƙasa, jama'a su sheƙe da dariya.

Ƙarshen Ikariyos bai yi daɗi ba. Ya ɗebi giyar ya ba makiyaya, su kuwa ba su taɓa ɗanɗana ta ba, suka kwankwaɗa ba tare da sun sirka da ruwa ba. Da kai ya fara juyawa suka ɗauka guba ya ba su, suka far masa suka kashe shi, suka binne a gindin wani itace. Karyarsa Maira ce ta ja 'yarsa Erigoni har wurin, yarinya ta ga abin da aka yi wa ubanta, ta rataye kanta a itacen. Almara ce, babu shakka, amma wadda aka ƙera da basira, domin dariya da kuka duk suna cikinta, kuma su ne rassa biyu da wasan ya yi da ya girma.

A bikin Diyonisus waƙa ake yi masa. Maza kan yi da'ira, jagora yana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa suna taka rawa, ana ba da labarin abin bautar da na jarumawan da. Labari ne kawai ake bayarwa: wane ya yi kaza, wane ya ce kaza.

Sai ga Tesfis, shi ma ɗan Ikariya. Abin da ya yi ƙarami ne a ido. Ya ware kansa daga 'yan amshi, ya juyo ya fuskance su, maimakon ya ce sarki ya ce kaza, sai ya buɗe baki ya yi magana a matsayin sarkin. Suka tambaye shi da waƙa, ya amsa da zance. Ya kauce, ya sake kama, ya dawo a matsayin manzo mai kawo mugun labari. Daga ranar aka daina jin labari da kunne kaɗai, aka koma ganinsa yana faruwa a gaban ido. An ce da fari farar dalma yake shafawa a fuska, daga baya ya koma sa fuskar aro ta ƙyallen lilin. Horas, mawaƙin Rum, ya ce a kan amalanke yake yawo da wasanninsa, mutanensa sun dambare fuska da dattin giyar da ya kwanta a gindin tulu. Wanda ya taɓa ganin 'yan tashe sun yi gemun auduga suna bi gida-gida zai iya kwatanta yadda ƙauye ke fashewa idan amalanken ya tsaya.

Fulutak, marubucin Girka, ya adana wani labari mai daɗi na wannan lokaci. Solon, dattijon da ya tsara wa Atina dokoki, ya tsufa amma bai daina son ganin sabon abu ba, sai ya je kallon Tesfis. Da aka tashi ya kira shi ya tambaye shi ko ba ya jin kunyar shara ƙarya haka a gaban wannan taro. Tesfis ya ce ai wasa ne, babu laifi. Solon ya buga sandarsa da ƙasa, ya ce idan aka yaba wa irin wannan wasa, ba da jimawa ba za a tsince shi a cikin ciniki da alƙawura. Wasu masana na shakkar haɗuwar, don Solon ya rasu wajen shekara ta 560 kafin Miladiyya, gasar da ta fito da sunan Tesfis kuwa wajen 534 aka yi ta. Amma Fulutak da kansa ya ce lokacin ba a fara gasa ba tukuna, kuma babu wanda ke cin gasar birni bai shekara da shekaru yana gwaji a ƙauye ba. Labarin yana iya zama gaskiya, kuma tsoron dattijon ba na banza ba ne, ko da yake da an bi ta tasa da duniya ta yi babbar asara.

Ba kowa ne ya yarda Atina ce mai abin ba. Masanin tarihi Hirodotus ya ce Ariyon ne, mawaƙin da aka ce kifin dolfin ya goyo shi zuwa gaɓa bayan matuƙan jirgi sun tilasta masa faɗawa teku, ya fara tsara irin waccan waƙa ta da'ira a Korinti. Aristotal ya kawo cewa mutanen Megara da na Sisili na iƙirarin wasan barkwanci nasu ne. Ko sunan da Girkawa suka ba wasan alhini, wato waƙar bunsuru, an yi saɓani a kansa. Wasu sun ce mawaƙan ne ke yafa fatar awaki, wasu sun ce bunsuru ake yankawa, wani tsohon allon dutse da aka samo a tsibirin Faros kuma ya ce bunsuru ne tukuicin da aka sa a gasar Tesfis. Maganar allon ta fi kwanta wa hankali, don manomi da abin da ke garkensa yake kyauta. Game da gari kuwa, Korinti na iya riƙe waƙarta, amma mutumin da ya fita daga sahu ya amsa wa 'yan amshi ɗan ƙasar Atina ne. A 1888 Miladiyya masu tonon tarihi daga Amurka sun gano kufan Ikariya, har da rubutun dutse a kan waɗanda ke ɗaukar nauyin wasanni a ƙauyen, kuma har yau sunan Diyonisus yankin ke amsawa.

Da birni ya karɓi abin, a zamanin mulkin Fisistiratus, sai ya mai da shi sha'anin gari. A ƙarshen watan Maris, lokacin da teku ta lafa baƙi suka fara shigowa, ake babban bikin. A ɗauko gunkin Diyonisus da dare da wutar jiniya a shigo da shi, jama'a dubbai su zauna a kan benci na katako a gangaren tudun Akrofolis tun da sassafe. Marubuta uku ake zaɓa, kowanne ya kawo wasan alhini uku da na raha ɗaya. Attajiri guda ake ɗora wa kuɗin horar da 'yan amshi da tufafinsu, ya biya yana alfahari. Alƙalai goma ne, da ƙuri'a ake fitar da su. Kafin a fara wasa, a zamanin da Atina ke da ƙarfi, akan baje harajin da garuruwa suka kawo a tsakar fili, a kuma fito da marayun da iyayensu suka mutu a yaƙi, waɗanda gari ya raina, sanye da kayan yaƙi. Maza ne kaɗai ke wasa, su ne sarauniya su ne baiwa, fuskar aro ce ke rabewa. Ba a cika yin kisa a gaban jama'a ba, manzo ne ke zuwa ya ba da labari, sannan a turo gawa a kan wani katako mai ƙafafu.

Kuma ba da wasa suka ɗauki wasan ba. Bayan Farisawa sun rushe birnin Militus a 494 kafin Miladiyya, marubuci Firinikus ya yi wasa a kan wannan masifa. Taro ya fashe da kuka, sannan aka ci shi tarar dirakma 1,000 don ya fama musu ciwo, aka hana sake nuna wasan. Iskilus, wanda ya yi yaƙin Maraton a 490, kuma aka ce yana yaro yana gadin gonar inabi Diyonisus ya umarce shi a mafarki ya rubuta wasa, shi ya ƙara ɗan wasa na biyu. A 472 ya nuna wa Atinawa nasarar da suka yi a kan Farisa, amma daga fadar waɗanda aka ci, cikin kukan matansu da tsofaffinsu, kuma matashi Ferikilis ne ya biya kuɗin. Sofokilis ya ƙara na uku. Yurifidis ya zo da wasansa na Midiya a 431, alƙalai suka ba shi na ƙarshe, abin da har yau ke da wuyar yafewa. Aristofanis mai wasan barkwanci kuwa babu shugaban da bakinsa ya bari. Manyan dandalan dutse, irin na Efidaurus mai cin mutum wajen 14,000, sai a ƙarni na gaba aka gina su, bayan gwanayen sun shuɗe.

Rumawa gado suka ci. Libi, marubucin tarihin Rum, ya ce a 364 kafin Miladiyya annoba ta addabi birnin, aka ɗauko 'yan rawa daga Etruriya don a lallashi gumaka. A 240 wani Bagirke daga Tarentum, Libiyus Andronikus, ya juya wasan Girka zuwa Latin aka nuna. Filautus ya ba su dariya da bayi masu wayo da tsofaffi marowata. Terens, ɗan Afirka daga Kartaj da aka kai Rum a bawa, ya fi shi laushin harshe, amma da ya kawo wasansa na Suruka a 165 sai aka ji 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya za su yi wasa, taro ya hargitse, wasa ya watse. Ya sake gwadawa a 160, jita-jitar masu faɗan takobi ta sake ɓata masa.

Nan bambancin yake. A Atina Sofokilis har sarkin yaƙi aka zaɓe shi, a Rum kuwa ɗan wasa ƙasƙantacce ne a idon doka. Dattawan majalisa sun daɗe suna hana gina dandalin dutse, sai a 55 kafin Miladiyya jarumin yaƙi Fomfe ya gina nasa, ya ɗora ɗakin gunkin Benus a samansa don a ce kujerun matakalar wurin bauta ne. A wani zaure na wannan ginin aka kashe Yuliyus Kaisar a 44. Daga baya daular ta cika da dandala masu ƙawa, har Sabrata da Lebda a Libiya da Dugga a Tunisiya, sai dai abin da aka fi nunawa a cikinsu rawa ce da barkwancin batsa. A 692 Miladiyya taron malaman coci a Kustantiniya ya haramta irin waɗannan wasanni. Magatakardan wannan birni ne kuma suka yi ta kwafe tsofaffin littattafan Girka, ta hannunsu aka tsira da wasanni 7 na Iskilus, 11 na Aristofanis, 18 ko 19 na Yurifidis, da 7 kacal cikin fiye da 120 da Sofokilis ya rubuta.