MUƘALAR MAKO: Yadda Ƙanwar Bindigar Soja Ta Samu Gindin Zama A Gidajen Amurkawa



Duk ranar da aka ce wani ya buɗe wuta a wata makaranta a Amurka, tambaya ɗaya ce ke cika shafukanmu: wai me ya hana gwamnatinsu ƙwace bindigogin nan? Mu ma mun daɗe muna yin ta. Da muka bi tarihin, sai muka tarar masu kare mallakar irin waɗannan makamai ba da ka suke magana ba. Suna da hujja, kuma hujjar a kan jimla guda ta rataya. Duk mai riƙe da alƙalami ya kamata ya ga abin da jimla guda take iya jawowa.

Jimlar ita ce gyaran fuska na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791. Kalmomi 27 ne kacal a Turanci. Rabin farko yana cewa rundunar 'yan ƙasa mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, rabi na biyu kuma yana cewa ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa ba. To, rabin farko sharaɗi ne ga na biyu, ko shimfiɗa ce kawai? A kan wannan gaɓa lauyoyi suke kokawa har gobe.

Waɗanda suka rubuta ta ba su jima da sauke bindiga ba. Yaƙin neman 'yancinsu ya ɓarke ne ranar 19 ga Afrilu, 1775, lokacin da sojojin Ingila suka nufi garin Concord don ƙwace makaman da mutanen yankin suka tara. A 1792 kuma aka yi doka ta wajabta wa kowane farar fata namiji mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya tanadi bindigarsa da harsashinsa da kuɗin aljihunsa. Bindigar zamanin kuwa 'yar uwar bindigar tokar mafarautanmu ce, a ɗura a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Masu son a taƙaita makamai suna cewa to kun gani, irin wannan ake nufi. Masu karewa sai su amsa: wannan bindigar ita ce ta soja a lokacin, kuma doka ce da kanta ta sa farar hula ya ajiye ta a ɗakinsa.

Dokar tarayya ta farko mai ƙarfi ta zo a 1934, bayan shekarun da 'yan daba suka addabi birane irin Chicago da mashinga. Ba a haramta ba, haraji aka ɗora: dala 200 da rajista a kan mashinga da bindigar da aka datse wa baki. Daga nan aka samu shari'ar da ta fi ba mu mamaki. An kama wani Jack Miller da datsattsiyar bindiga, maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1939. Babu lauyan da ya tsaya masa, shi kansa an tsinci gawarsa kafin a yanke hukunci. Kotu ta ce ba a nuna mata cewa irin wannan bindiga tana cikin kayan yaƙin rundunar 'yan ƙasa ba, don haka ba za ta ce kundi ya kare ta ba. Gwamnati ta yi nasara, amma ku sake karanta dalilin. Idan laifin bindigar Miller shi ne ba ta soja ba ce, ashe ta sojan ita ce aka kare ke nan? Masu kare bindiga sun riƙe wannan igiya tamau.

Akwai wani babi da ba a cika jin sa a nan ba, na baƙaƙen fata. Bayan 'yanta bayi, jihar Mississippi ta yi doka a 1865 ta hana 'yantattu riƙe bindiga sai da izini, alhali masu farautar rayukansu suna ɗauke da ita. A 1956, bayan an jefa bam gidan Martin Luther King, ya nemi lasisin riƙe bindiga, aka hana shi. A watan Mayun 1967 'yan ƙungiyar Black Panther suka shiga ginin majalisar jihar Kalifoniya da bindigogi a hannu, kuma a shekarar Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Har ƙungiyar NRA, wadda a yau ita ce uwa-uba wajen kare bindiga, ta goyi bayan dokar. An kafa ta ne a 1871 don koyar da saiti, kuma sai a taronta na Cincinnati a 1977 masu ra'ayin riƙau suka ƙwace shugabanci, ta rikiɗe ta zama mayaƙiyar siyasa. Wanda ya ce dokar bindiga kan fara sauka ne a kan marar gata, yana da abin nunawa a tarihin ƙasar.

Ita bindigar da ake rigimar a kanta sunanta AR-15. Eugene Stoner ne ya ƙera ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kuma AR ɗin daga sunan kamfanin yake. Aka sayar wa Colt da ita a 1959, sojoji suka karɓe ta da sunan M16 suka shiga da ita Biyetnam, Colt kuma ya fitar da ta farar hula. Bambancinsu: ta soja tana iya zubo harsasai muddin yatsa na kan kunama, ta farar hula kuwa danna ɗaya, harsashi ɗaya. Tun 1986 aka rufe ƙofar sayar wa farar hula sabuwar mashinga. Shi ya sa hatta sunan abin rigima ne. Masu adawa suna kiranta makamin kai farmaki, masu ƙera ta suna kiranta bindigar wasanni ta zamani. Wanda ya ci nasarar raɗa suna ya ci rabin muhawara, mu da muke raɗa wa taurarin littattafanmu suna mun san haka.

A 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar haramta ƙera irin waɗannan bindigogi da gidan harsashi mai cin sama da 10. A nan masu rubuta dokar suka gamu da matsala: yaya za a siffanta abin da ake haramtawa, tunda yadda take harbi ɗaya ne da na bindigogin farauta da yawa? Sai suka koma ga kamanni, irin gindi mai naɗewa, mariƙi irin na fistol da wurin ɗaura wuƙa a baki. Wadda ta haɗa biyu ta haramta. Kamfanoni suka cire abin da aka lissafa, suka ci gaba da ciniki. Waɗanda ke hannun jama'a tun da fari ba a taɓa su ba. A zaɓen shekarar jam'iyyar Clinton ta rasa Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40, kuma shi kansa ya ɗora wani kaso na laifin a kan rigimar bindiga. Da wa'adin dokar na shekara 10 ya cika a Satumbar 2004, majalisa ba ta sabunta ba. Kasuwa ta buɗe, abin da aka taɓa hanawa ya zama abin marmari. Ƙungiyar masu ƙera bindiga ta ƙiyasta irinta sun haura miliyan 20 a ƙasar.

Wannan yawa shi ne ya zame mata garkuwa. A shari'ar Heller ta 2008, alƙalai 5 cikin 9 suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, ba sai ɗan runduna ba, kuma abin da aka kare shi ne makamin da jama'a suka saba amfani da shi ta halal. Mai shari'a Antonin Scalia ya nuna ana iya hana irin su M16. Daga nan kowane ɓangare ya ɗauki nasa: waɗancan suka ce AR-15 ai M16 ce a rigar gida, waɗannan suka ce abin da ke gida miliyoyi ba za a kira shi baƙo ba. A ganinmu hujjar nan ta biyu tana da ƙarfi a kotu, amma tana zagaye kanta kamar kare mai bin jelarsa: an halatta don ta yi yawa, ta yi yawa don an halatta.

Suna kuma kafa hujja da alƙaluman hukumar FBI, waɗanda ke nuna yawancin kisan kai da fistol ake yinsa, dogayen bindigogi duka kasonsu kaɗan ne. Gaskiya ne. Sai dai wannan lissafi ba ya shiga kunnen iyayen yara 20 da aka kashe a makarantar Sandy Hook a 2012, ko yara 19 na Uvalde a 2022, duka da irin wannan bindiga. Ko bayan Sandy Hook, da aka kawo sabon haramci Majalisar Dattawa a 2013, ƙuri'a 40 ya samu, 60 suka ƙi.

Ba mu so mu yi saurin yi musu dariya. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindigar daji, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Wanda ya kwana a ƙauyen da jami'an tsaro ba sa isa sai bayan an gama ɓarna ba ya bukatar a fassara masa abin da Ba'amurken karkara yake cewa, ko da yake mu ba mu da jimla irin tasu a kundinmu.

A can kuwa maganar ba ta mutu ba. A 2022 Kotun Ƙoli ta ce duk dokar bindiga sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar ta tarihi, abin da ya mayar da alƙalai masu tonon takardun ƙarni na 18. Jihohi irin Kalifoniya, New York da Maryland suna nan da nasu haramcin. A Yunin 2025 kotun ta ƙi sauraron ƙarar da aka shigar kan na Maryland, amma Mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa nan ba da jimawa ba sai ta zauna a kan batun AR-15 ɗin kanta.