Daurama da Baƙonta: Mace, Baƙo da Dokar Zama Ɗan Ƙasa a Tarihin Daura

Tarihin baka na Daura ya nuna cewa mata ne suka fara riƙon sarautar ƙasar, tun daga Kufuru har zuwa Daurama, kowace ana kiranta Magajiya. A zamanin Daurama ne wani baƙo, Abuyazidu ko Bayajidda, wanda aka ce ya fito daga Bagadaza ta kan Barno da Gaya, ya iso birnin da dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka ce masa maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ran Jumma'a. Ya je ya kashe macijin. Magajiya ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta yake so, ta yarda. Ɗansu Bawo shi ne uban sarakunan Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In an haɗa da Biram, sun cika Hausa Bakwai.

Masana irin su Abdullahi Smith sun daɗe da yin gargaɗi kada a ɗauki wannan labari tamkar rubutacciyar shaida, domin ƙasashen Hausa ba mutum guda ya kafa su ba. Amma duk da haka labarin yana da amfani, gama yana bayyana abin da jama'ar da suka adana shi suke gani daidai ne. Abu na farko, baƙo yana iya zama ɗan gari in ya amfani jama'a. Na biyu, mace ce ta buɗe masa ƙofa, watau ta hanyar aurenta ya sami gindin zama. Na uku kuwa bai kai waɗannan daɗin ji ba: daga Bawo sarauta ta koma hannun maza, aka bar wa mata muƙamin Magajiya a fada, sa'an nan 'ya'yan Karɓagari, ɗan ƙwarƙwara Bagwariya, aka kira su Banza Bakwai. Ke nan matsayin uwa ne ya raba 'yan asali da waɗanda aka ajiye a gefe. Karin magana ma haka ta rabu biyu: ana cewa baƙonka annabinka, ana kuma cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Kafin zuwan Turawa, baƙo shi ne wanda bai riga ya zauna ba. Bafatake ko almajiri yakan sami mai masauki, ya gaida mai unguwa, ya yi aure, 'ya'yansa su tashi 'yan gari. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka ja layin da ya bi ta arewacin Daura, ya raba mutane masu harshe ɗaya da zumunta ɗaya. Bayan samun mulkin kai a 1960, mutumin Magarya ko Matamaye ya zama ɗan Nijar, na Zango ko Ɓaure ya zama ɗan Nijeriya, Kongolam ta zama ƙofar da ake tambayar takarda. Tun daga nan baƙunci ya tashi daga hannun mai unguwa ya koma hannun doka.

Dokar kuwa ta gaji ra'ayin Ingila na wancan lokaci, wanda ya ɗauka cewa mace tana bin ƙasar mijinta. A Tsarin Mulki na 1960, yaron da aka haifa a ƙasar waje yana zama ɗan Nijeriya ne ta hanyar ubansa kaɗai. Tsarin Mulki na 1979 ya gyara wannan, ya ce ko uwa ko uba, kuma sashe na 25 na Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da haka. An ga muhimmancin ɓangaren uwa a 1980, sa'ad da gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Barno, zuwa Cadi bisa zargin cewa ubansa mutumin can ne. Kotu ta tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Barno ce. Wannan zamani ne da aka matsa wa baƙi: a Janairun 1983 an kori waɗanda ba su da takardu, cikinsu har da 'yan Gana da 'yan Nijar masu ɗimbin yawa, aka rufe iyakoki a 1984, aka sake korar wasu a 1985.

Wajen aure ne gyaran bai kai ba. Sashe na 26 ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, muddin an gamsu da halinta, ta nuna niyyar zama, ta yi rantsuwar mubaya'a. Sashen bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba ko kaɗan. Shi sai ya bi ta sashe na 27, wanda ya nemi zaman shekara 15, da shaidar cewa zai amfani ƙasa, da amincewar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. Alal misali, Badauri ya auro mata daga Magarya, doka ta ba ta gajeriyar hanya. Ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta auri mutumin Magarya, 'ya'yanta 'yan ƙasa ne, amma ubansu baƙo ne mai neman izinin zama. Wannan kuwa yana faruwa ne duk da cewa sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi.

Masu goyon bayan wannan tsari suna kawo hujja biyu. Ta farko, a al'ada mace ce take tarewa gidan miji. Ta biyu, ana tsoron wasu su riƙa yin auren ƙarya don neman takarda. Hujjar farko ba ta dace da abin da ake gani a garuruwan kan iyaka ba, inda maza ke tsallakowa neman abinci, su yi aure, su zauna kusa da surukansu. Ta biyu kuwa ta shafi matan da ake aurowa kamar yadda ta shafi maza, maganinta kuma bincike ne da ƙayyade shekarun aure ga kowa. Nijar, mai al'ada irin ta Daura, ta gyara dokarta a 2014, ta ba mace ikon ba mijinta baƙo ƙasarta.

A Nijeriya an kawo irin wannan ƙuduri, amma Majalisar Tarayya ta yi watsi da shi ranar 1 ga Maris, 2022. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta ranar 8 ga watan. Duk da haka ƙudurin bai kasance cikin gyare-gyaren da aka miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a 2023 ba, sashe na 26 ya zauna yadda yake.

A taƙaice, wanda ya ce al'adar Hausa ce ta hana mace ba mijinta ƙasa, sai ya fara bayyana abin da Daurama ta yi. Bayajidda ya cika sharuɗɗa biyu daga cikin na sashe na 27, gama ya amfani gari, jama'a kuma sun karɓe shi. Amma da a ƙarƙashin wannan sashe ya iso Kusugu, da sai ya jira shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, ko da matarsa ce ke mulkin garin.