Kiɗan Fiyano a Ƙasar Hausa

Kiɗan fiyano shi ne sunan da Hausawa suke kiran kiɗan da ake haɗawa da na'ura mai aiki da lantarki, wadda ke kwaikwayon sautin ganga da sarewa da goge, mutum guda yana sarrafa ta da yatsunsa. Bai zo da karinsa shi kaɗai ba. Tun farkonsa gauraye yake da karin waƙar Hausa, da salon finafinan Indiya, da kuma kiɗan Abzinawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen shi ne Mamman Sani Abdoulaye na Jamhuriyar Nijar. Ya sayi fiyano ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO, ya riƙa zuba karin waƙoƙin gargajiya na Fulani da Abzinawa a kai. A 1978 ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka fitar da shi a kaset 'yan ƙalilan. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna saka shi tsakanin shirye-shirye, har kunnen jama'a ya saba da shi, da yawa ba su ma san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, duniya ta ji.

A Kano kuwa fim ne ya raini fiyano. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya fim suka ga jama'ar da ta tashi da kallon Indiya tana son waƙa da rawa a tsakiyar labari. Ɗauko makaɗa biyar ko shida da kayansu yana da tsada, alhali fiyanon Yamaha guda ɗaya a ƙaramin ɗaki ya wadatar. Mai kiɗa zai fara ɗora bugun ganga, ya bi shi da sarewa, sannan a kira mawaƙi da mawaƙiya su yi ta ba juna amsa. Wajen shekara ta 2000 fim ɗin Sangaya ya nuna cewa waƙa kaɗai tana iya sayar da kaset, daga nan sitidiyo suka yawaita. Wannan salo ne ake kira nanaye, sunan da aka aro daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali.

Zuwan kwamfuta ya ƙara wani abu, wato Auto-Tune, manhajar gyaran murya da ta fito a 1997. An yi ta don saita muryar da ta kauce, amma 'yan nanaye suka ƙure ta har murya ta koma siririya tana karkarwa, abin ya zama tambarin waƙar. Tasirin ya tsallaka iyaka: a Sakkwato Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa gita, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da wannan murya da gangar na'ura, waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya.

Akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka kamar harshen mutum, har ya kira sunan wanda ake wasawa ya yi masa take. Maɓallin fiyano ba ya iya wannan, sautin da aka ajiye masa kawai yake maimaitawa. Bukukuwa da dama da a da sai an kira makaɗa, yau DJ da lasifika ne ke riƙe da su. Duk da haka fiyanon ya buɗe ƙofa ga matasan da ba su gaji kiɗa ba, a ƙasar da sana'ar take bin gida, kuma a kansa ake rera yawancin waƙoƙin soyayya da na siyasa da na biki da ake ji a yau.