Zaman soja a lokacin tawayen arewa

 Yaranmu na lakwal sun san ba a karatu ran 24 ga Afrilu, amma in ka tambaye su dalili sai su yi tsit. To, ranar ce a 1995 gwamnati da ƴan tawaye suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. Mu a nan ba labarin manyan da suka sa hannu za mu ba ku ba, na ƙaramin soja ne, wanda muka riƙa gani bisa kamiyo yana wucewa ta Tanut, fuska duk ƙura.

Tawaye sau biyu aka yi shi. Na farko ya biyo bayan abin da ya faru a Cintabaraden cikin Mayu 1990. Na biyu ya tashi a Iferwan cikin Fabrairu 2007, na ƙungiyar MNJ ta Agali Alambo. Damargu tana tsakiya, don hanyar Damagaram zuwa Agadas ta kanmu ta bi, ta Adarbisanat.

A bariki soja ya san ƙa'idarsa: busa da asuba, gudu, sharar bindiga, gadi. Wahalarsa ta bariki albashi ce. A Fabrairu 1992 ƙananan sojoji suka yi bore a Yamai, har suka kama gidan rediyo, saboda kuɗinsu da ba a biya ba. Mu malaman lakwal mun san wannan ciwo, sai dai mu alli ke hannunmu.

Daji kuwa wani abu ne daban. Yawancin aikin rakiya ce: motocin fasinja da na kaya su taru, soji gaba soji baya, a kama hanya. Abinci shinkafa ko taliya da sardin, sai shayi. Ruwa a bido, da awo, kuma kafin a ba mutum sai an tuna da mota. Da rana ƙarfen kamiyo ba ya taɓuwa, da dare sanyin duwatsun Abzin ya hana barci, wuta ma ba dama a hura don kada a gano wurin. Yaron da ya tashi a gonar gero ta Gangara ko Tarka bai san waɗannan duwatsu ba, wanda yake nema kuwa cikinsu aka haife shi. A yaƙi na biyu abin da ya fi ba su tsoro nakiya ce da ake binnewa cikin rairayi. Direba ya riƙa bin sawun motar gabansa, ba ya kauce ko taki ɗaya.

A Tazarzait, cikin Yuni 2007, aka ci sansanin soja, aka kama fiye da 70. Masu rauni daga cikinsu sai ta hannun Kurwa Ruj suka dawo. Iyaye a nan kunne ga rediyo, waya ba ta shiga.

Gaskiya kuma a faɗe ta: makiyaya da ba su ji ba ba su gani ba sun sha wuya a hannun masu kaki, kuma a Agusta 1992 soji sun kama Buzaye da yawa a Agadas ba da izinin alƙali ba. Wannan ya yi mana nauyi, don a Belbeji Buzu da Bahaushe da Bafillace rijiya ɗaya suke ɗiba, kasuwa ɗaya suke ci.

Ran 21 ga Janairu 2008 yaƙin ya shigo mana gida. Ƴan MNJ suka faɗa wa Tanut, aka rasa rayuka, suka tafi da mutum 11 har da firefe. Sai a 2009, da sa bakin Libiya, aka ajiye makamai.