Balin da Siyasar Tunawa da Tarihi

Kaɗan ne daga cikin manyan biranen Turai suka ga sauyin mulki irin wanda Balin ya gani, domin daga shekarar 1871 da ya zama fadar Daular Jamus zuwa 1990 da ƙasar ta sake haɗewa, birnin ya zauna ƙarƙashin sarauta, da jamhuriya, da mulkin kama-karya na 'yan Nazi, sannan ya rabu gida biyu. Wannan maƙala tana ganin cewa yabon da ake yi wa Balin na yau, a matsayin birnin da bai ɓoye tabonsa ba, yabo ne da ya cancanta, sai dai bai shafi dukan tabon ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet sun kasa birnin kashi huɗu, kuma da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, wato gabar da ta shiga tsakanin ƙasashen jari-hujja da na gurguzu ba tare da sun gwabza kai tsaye ba, sai Balin ya zama fagen dagarsa. Ganin yadda mutane kimanin miliyan 2.7 suka tsere zuwa Yamma tun daga 1949, hukumomin Jamus ta Gabas sun fara gina katanga ranar 13 ga Agustan 1961, wadda ta kewaye Balin ta Yamma tsawon kusan kilomita 155, kuma aƙalla mutum 140 ne suka rasa rayukansu a dalilinta kafin a buɗe ta ranar 9 ga Nuwamban 1989.

Da majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a a 1991, inda 338 suka rinjayi 320 wajen mayar da gwamnati Balin daga Bonn, sabuwar fadar ƙasar ta ɗauki tunawa a matsayin wajibi. An bar rubuce-rubucen da sojojin Sobiyet suka yi a bangon ginin majalisa na Reichstag a 1945, an shimfiɗa layi biyu na duwatsu a kan titi domin nuna inda katangar ta bi, kuma a 2005 aka buɗe dandalin tunawa da Yahudawan da aka yi wa kisan kiyashi, mai ɗauke da ginshiƙan kankare 2,711. A ƙofofin gidaje kuwa, akwai 'yan faranta na tagulla da aka kafa a daɓen hanya, kowanne ɗauke da sunan wanda ya taɓa zama a gidan, da shekarar haihuwarsa, da abin da ya same shi a hannun 'yan Nazi.

Amma tsakanin 2006 da 2008 an rushe Fadar Jamhuriya, mazaunin majalisar Jamus ta Gabas, aka sake gina siffar tsohuwar fadar sarakunan Furusiya a gurbinta, aka zuba kayayyakin tarihi na Afirka da Asiya a ciki, waɗanda da yawansu an samo su ne a zamanin mulkin mallaka. A wannan birni ne kuma shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Bismarck, ya karɓi baƙuncin taron 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa ƙa'idojin mamaye Afirka, har da batun zirga-zirga a Kogin Kwara, ba tare da an gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba. Sai a 2021 Jamus ta amince cewa abin da ta yi wa al'ummomin Herero da Nama na Namibiya kisan kiyashi ne, sai kuma a 2022 ta miƙa wa Najeriya mallakar kayayyakin Masarautar Benin.

Wannan jinkiri yana nuna cewa birni yakan fi saurin tuna laifin da masu ƙarfi suka tuhume shi a kai. Saboda haka, kammala aikin tunawar ya rataya ne a wuyan masana da gwamnatocin Afirka, waɗanda ya kamata su ci gaba da neman a buɗe musu kundayen ajiya, a kuma mayar musu da abin da yake nasu.