Gimbiyar Tatsuniya Da Gimbiyar Tarihi: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Roni

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga Roni, cikin masarautar Kazaure ta Jihar Jigawa, daga hannun wani manomi mai taɓa cinikin hatsi, wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsu tsakaninsa da abokan cinikinsa na Gwiwa da Babura. Dalili kuwa, 'ya'yansa mata sun tasa wayarsa gaba da kallon katun na 'ya'yan sarakunan Turawa, har ƙaramar ta ce ita daga yau Gimbiya za a riƙa kiran ta. Wani a rumfar ya ce wannan duk shirmen Nasara ne, kakanninmu ba su san shi ba. Wani ya ce a'a, mu ma muna da Daurama da Amina. Na uku ya ce ai su ma Daurama da Aminar tatsuniya ce. Shi ne yake so mu raba gardama.

To Malam, mun gode da wannan takarda, kuma kowane ɗayan ukun nan ya riƙo wani gefe na gaskiya, sai dai babu wanda ya riƙe ta duka.

Bari mu fara da na Turawan, tunda su suka jawo maganar. Labaran nan ba kamfanin fim ne ya ƙago su ba, tatsuniyoyi ne na tsofaffin ƙauyukan Turai, irin dai waɗanda ake yi mana a dandali bayan an ci tuwon dare. Wani Bafaranshe mai suna Charles Perrault ya rubuta wasu daga ciki ya buga a shekarar 1697, har da labarin Sindarela, yarinyar da kishiyar uwa ta mayar baiwa a gidan ubanta, ta je bikin ɗan sarki ta yar da takalmi ɗaya, aka bi gida gida ana gwadawa har aka gano ta. A 1812 kuma wasu Jamusawa biyu, wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fitar da nasu kundin. Na Grimm ɗin ma ba na yara ba ne sosai, domin a cikinsa 'ya'yan kishiyar sai da ɗaya ta yanke yatsan ƙafa, ɗaya ta sare diddige, don dai takalmin ya shiga. Mutanen Sin ma suna da nasu labarin yarinya mai takalmi, wanda aka rubuta tun ƙarni na 9, wato kafin Faransawa da shekaru ɗaruruwa. Kamfanin Disney na Amurka ne ya zo ya wanke labaran, ya cire jinin, ya zuba waƙa: Snow White a 1937, Sindarela a 1950. Sai a 2009 suka yi gimbiyarsu baƙar fata ta farko. Daga baya abin ya zama kasuwa, ana buga hoton gimbiyoyin a jikin jakar makaranta da riga da kwanon abinci, har sun iso kasuwanninmu.

Amma wanda ya ce kakanninmu ba su san wannan ba, lalle ya manta da kakarsa. Wace ce Sindarela in ba 'yar bora ba? Ita ce ake aika rafi wanke-wanke, ta tarar da tsohuwa ta ce a cuɗa mata baya, ta cuɗa cikin ladabi, ƙarshe ta auri ɗan sarki. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta kwaso abin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma 'yar sarkin da ta ce ba za ta auri mai tabo a jiki ba, ta kori samarin gari kaf, ta ƙare a hannun dodon da ya rikiɗa ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi. Ku manoma kuma kun san wadda sarki ya ce duk wanda ya nome masa gona mai ciyawar ƙaiƙayi bai sosa jiki ba, shi zai ba 'yarsa, Gizo ya yi dabarar sosawa yana nuna kamar kwatance yake yi. Ka lura da abu ɗaya, Malam: a yawancin waɗannan, 'yar sarki ba ta da ta cewa, lada ce kawai da ake miƙa wa wanda ya ci gasa. Mai motsi da hankali a tatsuniyarmu ita ce 'yar talaka.

Waɗannan tatsuniyoyi sun shiga takarda da wuri. Wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya sa malamai sun rubuto masa su da ajami, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A 1924 aka fitar da fassarar Dare Dubu da Ɗaya, wadda ta kawo mana 'ya'yan sarakunan Bagadaza da na aljannu. Sa'an nan Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, daga 1937 zuwa 1939, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da su Grimm ɗin nan, ya ɗinka musu riga da hula irin tamu har ba ka gane baƙi ne. Abin sha'awa, shekarar da littafin farko ya fito ita ce shekarar Snow White. Wato rijiya ɗaya Imam da Disney suka ja ruwa, kowa ya dama da garin gidansu. Daga baya Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, wanda da yawa daga cikinku kuka karanta a firamare.

Da fim ya zo, Indiyawa suka riga kowa shiga zuciyarmu, kuma su ma gwanaye ne wajen labarin fada. Mughal-e-Azam na 1960 labarin ɗan sarki Salim ne da ya so wata mai rawa a fadar ubansa. Da 'yan wasan Kano suka fara ɗaukar nasu a kaset, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, amma wanda ya ja hankalin jama'a sosai shi ne Gimbiya Fatima na 1992, soyayya a gidan sarauta. Kamfanin Sarauniya ya mayar da tatsuniyar Daskin Da Riɗi fim, sannan ya fitar da Sangaya a 1999, inda Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki, Fati Muhammad ta fito a Zubaina mai aikatau a gidan. Ka ga 'yar bora ce ta sake dawowa, wannan karo da kiɗan fiyano.

A nan za mu ɗan tsoma baki. Yarinya ta kira kanta Gimbiya ba wani abin tada hankali ba ne, mu ma mun yi wasan langa muna naɗa sarki. Inda abin yake cizo shi ne ranar aure, sa'ad da ake so amarya ta fito sak ta fim: doguwar riga mai jan ƙasa, kambi a ka, hayar zaure da mai hoto. Masu fim aron kayan suke yi su mayar bayan an gama ɗauka. Uban amarya kuwa rumbunsa yake buɗewa tun kaka, ya sayar da gero da arha, ya dawo yana awo da tsada kafin damina ta yi nisa. Kai da kake cinikin hatsi ka fi mu sanin wannan.

To sai babbar tambayar, Daurama da Amina.

Daura maƙwabciyarku ce, kuma lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura aka yanko ta, saboda haka labarin nan na gida ne. Kundin tarihin Daura ya jero sunayen mata da suka yi mulki, ana kiran su Magajiya, tun daga Kufuru, kuma Daurama na cikinsu. Labarin ya ce Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya sauka Barno ya auri 'yar sarki, ya gudo da ita ya bar ta a Garun Gabas ta wajen Haɗeja, ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, saboda macijin rijiyar Kusugu. Ya je ya sare kan macijin. A wasu ruwayoyin ma har ya bar takalminsa ɗaya a bakin rijiyar, da gari ya waye masu ƙarya suka yi ta cewa su ne, sai takalmin da kan macijin suka nuna mai aikin. Ka ji ikon Allah: a Turai mace ce ta yar da takalmi namiji mai sarauta ya neme ta, a Daura namiji ne ya bar takalmi mace mai sarauta ta neme shi. Ta yi masa tayin rabin gari, ya ce shi aurenta yake so. Daga nan aka haifi Bawo, kuma daga zuriyar nan ake ƙirga Hausa Bakwai.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Wasu sun ce Bayajida shi ne Abu Yazid, wani ɗan tawaye na Afirka ta Arewa da aka kashe a shekarar 947, ko kuma mabiyansa da suka watsu kudu. Wasu, irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, sun ce Hausawa da garuruwansu sun girmi zuwan kowane baƙo, don haka ba za a ce mutum ɗaya ne ya haife su ba. Labarin baƙon da ya kashe dodon ruwa ya auri mai sarauta kuwa, akwai irinsa har a tsohuwar Girka. Mu a namu ganin, maciji da takalmi adon labari ne. Amma mulkin mata a ƙasar nan ba ado ba ne, domin sarautun suna nan a tarihi: Magajiya a Daura, Inna a Gobir, Iya a Katsina da Maraɗi, Magira a Barno. Kuma labarin da kansa yana nuna lokacin da mulki ya tashi daga hannun mata ya koma na maza.

Ita Amina ƙafarta ta fi kafuwa a tarihi. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana suna kai ta ƙarni na 16, su ce 'yar Bakwa Turunku ce, yayar Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Saɓanin shekaru bai sa a ce ba a yi mutum ba. Ko a rumfarku ana saɓani kan shekarar da aka yi wata fari. Ku 'yan kasuwa ku dubi goron nan da kyau, shi ne ke nuna abin da yaƙin yake nema, wato hanyoyin fatauci na kudu. Amma zancen wai kowane gari ta ci sai ta kwana da namiji ta kashe shi da safe, wannan ƙanshin tatsuniya yake yi, kuma ya yi kama ƙwarai da sarkin nan na Dare Dubu da Ɗaya, an juya shi ne kawai. Haka nan ba kowace tsohuwar ganuwa da ake ce wa ganuwar Amina ce ita ta gina ba. Fim ɗin Amina da Izu Ojukwu ya shirya, wanda ya fito a Netflix a 2021, da Turanci aka yi shi, kuma an cusa masa soyayya da ƙulle-ƙullen da babu su a littattafan nan biyu.

In kana son wadda babu gardama a kanta, ga Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, sa'ad da suke ƙone garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Chadi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Ga kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ita ba sai an tambayi masu ba da labari ba, rubutunta na nan da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa 'Yan Taru, inda take zaɓen mata dattijai ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su koma ƙauyuka suna karantar da matan da ba za su iya barin gida ba. Kabarinta yana Hubbare a Sakkwato, kusa da na mahaifinta.

Rijiyar Kusugu kuwa tana nan cikin garin Daura, an gina mata ɗaki, ana kai baƙi su gani su sha ruwan. Daga Kazaure titi ɗaya ne ɗoɗar, kuma in an daidaita tafiyar da Sallar Gani, yaran za su haɗa da kallon hawa.

Sauran takardun da suka iso mana daga Babura da 'Yankwashi sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.