Ralin Babanmu

Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zo share zauren gidanmu na Fagge, ƙannena suka ce a kira 'yan gwangwan su auna tsohon kekensa. Na roƙi arziƙin wata guda. Keken Rali ne baƙi, tsatsa ta cinye madigadi, tayoyi sun tsattsage, amma zalɓen nan na tambarin kamfanin yana nan a goshinsa.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma a sana'armu idan aka ba ka tsohon aiki, kafin ka taɓa komai sai ka binciki asalinsa. A jikin cibiyar wilin baya na tarar da sunan Sturmey-Archer da lamba 74. Kamfanin kan buga shekarar ƙira a nan. Lissafi ya fito: Baba ya sha gaya mana da kuɗin Udoji ya saye shi, ƙarin albashin da aka biya ma'aikata a 1975.

Sunan Raleigh, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rali, na wani titi ne a birnin Nottingham na Ingila, inda aka fara ƙera kekunan a shekarun 1880. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta riƙa tafiya kudu, kayan Turawa suna zuwa arewa, keke na cikinsu. Malamin makaranta, masinja, ɗan kasuwar ƙauye, kowa burinsa Rali. Kasuwa ta yi kyau har kamfanin ya kafa masana'antar haɗa keke a Bompai. Titin da na tura keken a kansa ma tsaran keken ne a suna: Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Kwara, an kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala.

Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka karɓe kasuwa saboda araha, sannan babur ya zo ya ture su duka. A 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham.

Wani dattijo mai gyaran keke na samu a wani lungu kusa da kasuwar Sabon Gari. Na ce, "Baba, a sauya komai da sabo." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuɗi ne ke maka ƙaiƙayi? Kawo kananzir."

Kwana biyu kaca da sauran ƙarafa suka yi a jiƙe. Muka goge tsatsa da samfefa mai laushi. Taya da tib da robar birki kaɗai muka saya sababbi, na Indiya, tunda kekunan can sun kwaikwayi girman wilin Rali, inci 28. Sirdi na gwanjo ne. Fenti kuwa ya hana: baƙin mai da tsumma suka fito da na asali.

Ni na so in yi ɓarna. Na sayo sabon kofin gindin feda, na fara ɗaura shi da ƙarfi, ya riƙe mini hannu. Daga baya na karanta dalili: zaren Rali na Nottingham layi 26 ne a inci guda, na yawancin kekuna 24. Da na matsa, da na cinye zaren, gangar jikin ta tashi aiki. Dattijon bai san lambobin ba, yatsunsa ne suka sani. Tsohon kofin ya wanke, ya zuba sabon boris da giris, ya mayar.

Manhajar da na rubuta shekara biyar baya ta daina aiki a wayoyin yau. Wannan keken ya kai shekara hamsin, sifana biyu da guduma sun ishe shi, domin an ƙera shi ne don a gyara.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kekuna sun ƙaru a titi. Sai dai dattijon ba shi da yaro ko ɗaya. Duk sun tafi tuƙa adaidaita sahu. Yanzu duk Asabar nakan je in zauna, in riƙe masa sifana, ina rubuta abin da ya faɗa. Ƙanena da ya so kiran 'yan gwangwan, shi ke aron keken zuwa Kantin Kwari.